Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Al'adu na Faransa Kan Hasumiyar Ar-Men

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna rubuto maka ne kan hasumiyar fitilar nan ta Ar-Men mai yi wa jiragen ruwa jagora, wadda ke tsaye cikin tekun Atlantika yamma da tsibirin Sein. Fitilarta na ci, tana walƙiya sau 3 kowane daƙiƙa 20, don haka a takarda komai lafiya. Ginin da ke ɗauke da fitilar ne ke buƙatar kulawarka.

Ranka ya daɗe, ka duba yadda aka same ta. Bayan jirgin yaƙin Sané ya tarwatse a duwatsun wurin a 1859, aka yanke shawarar gini a kan wani dutse da sai teku ya janye sosai ake ganin kansa. A 1867, shekarar farko, sau 7 kawai masuntan Sein suka iya sauka a kansa. Awa 8 suka yi aiki jimilla, suna kwance rubda ciki igiyar ruwa na bi ta kansu, suka huda ramuka 15 don dasa sandunan ƙarfe. Sai 1881 aka kunna fitilar, bayan shekara 14. Daga 1897 zuwa 1902 aka sake yi wa gindinta ɗamara saboda sirantakarta ta yi yawa. Masu gadi suka bar ta a 1990, aka sanya ta cikin gine-ginen tarihi a 2017.

Tun tafiyar masu gadin babu mai hura wuta a ciki, babu mai buɗe taga. Iska mai gishiri takan shiga, ta taɓa bango mai sanyi ta zama raɓa. Ruwan ya bushe, gishirin ya rage cikin haɗin duwatsu, yana kumbura yana marmashe siminti. Katakon ɗakuna ya yi fumfuna, ya ruɓe. Mafi muni shi ne ƙarfen da ke binne cikin gini: tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta tura dutse daga ciki har ya tsage, ruwa ya samu sabuwar hanya. A ɗakin fitila kuma, duk inda baƙin ƙarfe ya haɗu da tagulla ga ruwan gishiri a tsakani, ƙarfen ne ke cinyewa, gilashi ya fara motsi. Shafa fenti mai toshe numfashin dutse a kan bango mai laima ƙara cutar yake yi, domin yana kulle danshin a ciki.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. A buɗe hanyar iska daga ƙasa zuwa sama, a sa na'urar tsotse danshi. A manna ma'aunin tsagewa a kowace tsaga, a riƙa karantawa duk shekara. Masu nutso su duba inda gini ya haɗu da dutse, lokacin da teku ke janyewa sosai, wato tsayuwar wata da cikarsa. A zare ƙarfen da ya yi tsatsa a maye da tagulla ko ƙarfe marar tsatsa, a wanke haɗin duwatsu da ruwan daɗi kafin a cike shi. A ɗauki awon ginin gaba ɗaya, dutse bayan dutse, a adana.

Batun kuɗi shi ne ƙashin bayan maganar. Kasafin shekara guda bai dace da Ar-Men ba, domin teku na iya hana sauka har lokacin aiki ya wuce, kuɗin ya koma baitulmali ba a taɓa komai ba. A ware kuɗin shekara 5 a jere, da jirgi da magina a shirye a Sein daga Mayu zuwa Satumba. Sannan a yi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ma'aikatarka da hukumar fitilun teku, a fayyace wanda ginin ke wuyansa.

Mu ne naka,
Wasu magina da injiniyoyin gine-ginen teku