Godiya ga shagon hayar kayan biki da ya fitar da ni kunyar baƙi

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Hajiya mai shagon hayar kayan biki da ke gefen Titin Gidan Zoo a Kano, da duk masu aiki a ƙarƙashinta.

Na yi muku godiya baki da baki ranar da aka dawo da kaya, amma zuciyata ba ta gamsu da wannan ba. Mun iya fitowa bainar jama'a mu yi ƙorafi idan an cuce mu, to ya kamata idan an kyautata mana ma mu fito mu faɗa da murya irin wadda muka yi ƙorafin da ita. Yaba kyauta tukuici ne, kuma ni kyauta na ɗauki abin da kuka yi mini, domin ya wuce kuɗin hayar da na biya.

Walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata muka yi a watan Disamba, hunturu na kan ganiyarsa, maza a rumfar ƙofar gida, mata a tsakar gida. Duk wadda ta taɓa tara jama'a a garin nan ta san katin gayyata daban, zuwan mutane daban. An rubuta bayan la'asar. Malamai da ɗalibai su kan zo a kan lokaci, ƙawaye sai an yi magariba, dangin nesa da maƙwabtan da suka tsaya sallamar mazajensu kuwa sai bayan isha'i. Tuwo da shinkafa ba su ne damuwata ba, kula na riƙe su. Abin da ke hana ni barci shi ne kayan taɓa baki da ake fara ajiye wa baƙo kafin babban abinci: sambusa, sifirin-rol, fanke, waina, tsire, ɗan farfesun kayan ciki. Su ne fuskar walima, kuma su ne suke fara mutuwa.

Na san abin da nake tsoro domin na gan shi da idona a sunan jikata. Mun yi hayar kwanukan ƙarfen nan masu wuta a ƙasa daga wani wuri da ba zan ambata ba. Aka kawo su a bayan a-daidaita-sahu, aka zube a ƙofar gida, murfi biyu a lotse, ɗaya da busasshiyar miyar bikin wasu a jikinsa. Gwangwanayen wutar da ake kunnawa a ƙasa rabinsu an riga an sha su. Ba wanda ya ce mana ga yadda ake yi. Na kira waya, yarinyar da ta ɗauka ta ce, "Hajiya ai kunnawa kawai za ku yi," ta kashe. Kafin magariba wutar ta mutu. Sambusar da aka yi asubanci ana naɗewa ta yi laushi ta saki jiki, mai ya kwanta a ƙasanta. Tsire ya sandare, kitse ya daskare fari a jikin tsinke, in ka ci ya manne maka a dasashi. Ina tsaye ina kallon surukaina suna ɗauka su ɗan gutsura su ajiye a gefen faranti, ba wadda ta ce uffan, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Da muka mayar da kaya sai aka ce mu muka lotsa murfin, aka riƙe kuɗin ajiyarmu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da wannan zuciyar na shigo shagonku, a shirye nake da faɗa tun ba a taɓa ni ba. Sai na tarar da wani matashi, a haife na haife shi, ya miƙe ya ba ni kujera. Na ce masa kwanuka goma nake so. Maimakon ya ɗauko rasit, sai ya ce, "Mama, me da me za a zuba a ciki?" Ya tambayi ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa nake jin baƙon ƙarshe zai shigo, a ɗaki ne ko a fili, ta ina iska ke kaɗawa a gidan, akwai yara ƙanana ko babu, a gida za a yi suya ko daga waje za a kawo. Na amsa ina mamaki, domin ban taɓa ganin mai haya ya damu da abin da za a yi da kayansa bayan ya karɓi kuɗinsa ba.

Da ya gama ji sai ya ce, "Mama, goma sun yi miki yawa. Shida sun isa, sauran abincin ba nan ne wurinsu ba." Ɗan kasuwa ya rage wa kansa ciniki da bakinsa! A nan jikina ya yi sanyi, na gyara zama na saurare shi.

Ya ce kwanukan nan ba sa dafa abinci kuma ba sa tayar da wanda ya huce. Aikinsu riƙe zafin da aka kawo musu. Don haka tafasasshen ruwa za a fara zubawa a kwanon ƙasa, a kunna wutar, a bar shi ya fara tururi, sannan a ɗora abinci da zafinsa daga murhu. Wanda ya zuba ruwan sanyi, gwangwanin zai ƙare wajen ɗumama ruwa abincin na zaune yana hucewa. Ya nuna mini gwangwanayen, ya ce akwai na awa biyu, akwai na awa shida, ya ce tunda daga la'asar ne har bayan isha'i, na awa shidan zan ɗauka kada a yi ta canji a gaban baƙi. Duka a rufe suke, ba a taɓa fasa ko ɗaya ba.

Farfesu da miyar taushe, in ji shi, su ne masu son wannan kwano, domin tururi bai dame su ba. Amma duk abin da aka soya, tururi ne ajalinsa. Sambusa in an tara ta kan juna aka danne da murfi, zufar da take fitarwa ita ke komawa jikinta ta jiƙa ta. Ya ɗauko wata ragar ƙarfe mai 'yan ƙafafu ya ce a shimfiɗa ta cikin kwanon, a jera sambusa da sifirin-rol layi ɗaya ba ɗori, a bar murfin a ɗan buɗe tururi ya sami hanya. Ya kuma ba ni shawarar da ta fi kowacce amfani: kada a soya duka da rana. A naɗe su a ajiye a firji, a riƙa soyawa kashi-kashi gwargwadon shigowar mutane, kwanon ya zama wurin jira na ɗan lokaci kawai. Fanke ma ya ce kada a kuskura a ƙulle shi a leda da zafinsa.

Waina kuwa kula ya ce a sa ta, amma a fara cika kular da ruwan zafi a rufe ta ɗauki ɗumi, a zubar a goge, a shimfiɗa tawul mai tsabta a ƙasa da sama domin ya shanye gumin. Tsire ya ce in dai da hali a kira mai tsiren ya zo da gawayinsa ya kafa a waje ya riƙa gasawa ana ɗauka. Ya ja kunnena sosai kada sanyi ya sa wani ya shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Akwai maganar da ya yi wadda ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Mama, abinci mai ɗumi-ɗumi ya fi mai sanyi haɗari." Abincin da aka dafa ya kamata ya zauna sama da digiri 60, in ya sauko ƙasa da haka ƙwayoyin cuta ke samun damar yaɗuwa, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai a fili. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, da na ba ta labari ta ce haka yake a cikin ƙa'idojin tsabtar abinci na Hukumar Lafiya ta Duniya: mai zafi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, tsakaninsu nan ne matsala take. Nan na tuna sau nawa ake tashi daga biki washegari a ji gida-gida ana fama da ciwon ciki, a ce ai maiƙo ne ya yi yawa, ko a ce sanyi ne, alhali naman da ya wuni a faranti ne.

Ranar walima kaya suka iso a kan lokaci, a wanke, a cike, ba abin da ya ɓace. Abin da ban zata ba shi ne ganin yaron nan da kansa ya biyo motar. Ya nemi izini ya shiga tsakar gida, ya tsaya ya duba ta inda iskar hunturu ke shigowa, ya ce a matsar da teburin jikin katanga domin iska na kashe wutar ko ta karkatar da ita daga ƙasan kwanon. Ya naɗe gefen ƙyallen teburin ya soke shi ciki. Da na tambayi dalili sai ya ce harshen wutar gwangwanin nan da rana da ƙyar ake ganinsa, mace na iya sunkuyowa ɗibar farfesu mayafinta ya sauka a kai ba ta sani ba. Ya kira 'yan matan da za su raba abinci ya nuna musu yadda ake kashe ta da murfinta, ba da hurawa ba, ya ce kada a ɗaga gwangwani yana ci, kada kuma a bar yaro ya taɓa abin da ke ciki domin guba ne. Ya zaro wani ɗan ma'aunin zafi mai tsini daga aljihu ya soka cikin naman farfesun, ya nuna mini lambar, sannan ya bar mini shi aro, ya ce a riƙa dubawa lokaci-lokaci ana kuma ƙara ruwan zafi in na ƙasa ya ja baya. Na miƙa masa ɗan abin shan ruwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Mama, aikina ne. Ki dai sa ni a addu'a."

Bayan magariba ya kira waya yana tambaya ko wutar na nan, ko akwai abin da ya gagara. Babu. Gwaggon mijina, wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta ko a gaban waye, sai bayan isha'i ta iso daga Wudil. Aka zuba mata waina da miya tana tururi, aka kawo sambusa, ta gutsura aka ji ƙarar ɓawon. Ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar nan, yanzu aka sauke ne?" Wanda bai san ta ba ba zai gane girman wannan tambayar ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk wannan ba wani abu ne mai tsada ba. Ragar ƙarfe nawa take? Minti nawa bayani zai ci? Amma harkar biki a garin nan ta koma ta a karɓi kuɗi a kashe waya. Mai ado zai zo a makare ya ce cunkoson hanya ne. Mai girki za ta kawo abincin da ta soya tun hantsi a ƙulle a leda, ta ce da zafinsa ta taho da shi. Mai kujeru zai kawo karyayyu ya ƙirga su cikin lafiyayyu. Kowa ka taɓa sai ya ce tsadar mai ce tun da aka cire tallafi a 2023. Gaskiya ne komai ya yi tsada, mu ma da muke biya a jikinmu muke ji, amma tsadar mai ba ita ta hana mutum wanke murfin kwano ba, ba ita ta hana shi amsa waya da ladabi ba. A manyan ɗakunan taro ma, inda ake biyan kuɗin da in aka faɗa sai ka riƙe baki, za ka ga kwanukan a jere suna ƙyalli, ka buɗe ka tarar ba ruwa a ƙasa, wutar ta daɗe da mutuwa, ma'aikata na tsaye suna danna waya. An mayar da su kayan ado na ɗaukar hoto. Mu ma masu biki muna da hannu a lalacewar, domin mun saba da yin shiru, mu ce a yi haƙuri biki ne, gobe mu sake komawa wurin wanda ya wulaƙanta mu.

Da muka dawo da kaya an ƙirga a gabana, aka miƙo mini kuɗin ajiyata cif ba tare da na buɗe baki ba. Har yaron ya tambaye ni abin da bai yi daidai ba domin su gyara. Na ce ragar nan ku ƙaro ta, domin ƙawayena biyu sun riga sun ce za su zo, ɗaya bikin ɗanta za ta yi, ɗaya kuma tana shirin shan ruwan jama'a idan azumi ya kama.

Hajiya, roƙona gare ki shi ne ki riƙe yaron nan da hannu biyu. Ki duba albashinsa, ki ba shi dama ya koya wa na bayansa, domin duk wanda ya shigo shagonki ya same shi zai dawo, zai kuma turo wani. Na san ba daga sama ya samo wannan halin ba, akwai tarbiyyar gida, akwai kuma irin ragamar da kika ba shi har ya iya ce wa mai saye ya rage kaya ba tare da tsoron faɗanki ba.

Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya tsare ku daga asara, Ya yi wa iyayen yaron nan albarka, shi kuma Ya ba shi nasa shagon da mace tagari.

Wassalam.

Taku,
Mahaifiyar mai sauka, daga Kano.