Godiya ga Injiniya da yaransa na saman benen Ahmadu Bello Way

Assalamu alaikum Injiniya, da kai da duk yaranka na ofis. Ranar da zan fita na yi godiya a tsaitsaye ne saboda Alhaji, wanda ya tsaya mini a aikin, na ta kiran wayata, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a nan inda 'yan Kaduna za su gani, wataƙila akwai wanda ke cikin halin da na shiga bai san inda zai dosa ba.

Ni ne wanda ya zo muku da laftof ranar Laraba bayan azahar. Manhaja ce na rubuta wa wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu zubin adashi a Kasuwar Barci, duk wanda ya zuba kuɗi wayar sakatare ta tura bayanin zuwa saba, wato kwamfutar da ake ɗora manhaja a kanta a intanet, saba ta ajiye sannan ta tura wa mutum saƙo. Wata uku ina kanta, a laftof ɗina tana tafiya sumul ba ko tangarɗa, amma ina ɗora ta a sabar da muka kama haya sai ta ƙi tashi sam. Kwana huɗu wallahi ina abu ɗaya, in goge in sake ɗorawa, dare ya yi NEPA su ɗauke in koma kan cajin laftof, ga ƙarshen wata ya zo, ga mutane sun riga sun ji labarin an daina rubutu a littafi. Abun da ya fi damuna kuɗin mutane ne, kuma Alhaji shi ya tsaya mini a gaban 'yan ƙungiya.

Abu na farko da ya burge ni, ba ka karɓe laftof ɗin ka ce in dawo gobe ba. Kujera ka sa aka jawo mini kusa da kai, ka buɗe log ɗin Tomcat, wato rahoton abin da ya faru da manhajar da ke tafiyar da tawa a saba ke rubutawa, ka ce in karanta da kaina. Na fara daga sama yadda na saba, sai ka ce a'a ɗan'uwa, gangara ƙasa, nemi Caused by na ƙarshe, asalin ciwon yana can. Muna gangarawa kuwa sai ga NoClassDefFoundError a kan javax/xml/bind, wato manhajar ta nemi wannan ɓangaren ba ta same shi ba. Ka tambaye ni wane Java ne a laftof, wato yaren kwamfutar da na rubuta manhajar da shi, na ce 8. Na saba fa? Shiru na yi don ban taɓa dubawa ba, muka duba tare, 17 ne.

Nan ka ɗauko biro da bayan wata takarda ka zana mini. Ka ce saƙon da ke zuwa rubutun XML ne kawai, akwai wanda aikinsa ya kwashi suna ya sa a gurbin suna, kuɗi a gurbin kuɗi cikin Java, shi ne JAXB, kamar dai yaron shago mai jera kaya a kanta. A Java 8 yana zuwa ne a ciki, ba ka ma san yana nan ba, amma tun Java 11 da ya fito a 2018 aka cire shi, shi da ɗan'uwansa JAX-WS gaba ɗaya, toh yanzu sai ka ɗauko shi da kanka ka sa a pom.xml, fayil ɗin da ake jera kayan da manhaja ke buƙata. Sannan ka nuna mini cewa sabar Tomcat 10 gare ta, shi kuma ya bar sunan javax ya koma jakarta, ni kuwa duk aikina a kan javax na yi. Ka ce kar mu tsiri wannan gyaran ana saura kwana biyu wata ya ƙare, mu sauke Tomcat 9 tukuna aiki ya tafi. Gaskiya wannan shawarar ta mai tausayin kwastoma ce, don da ka ce a sake komai da kuɗin aikin ya fi haka kuma ba ni da bakin musu.

Kafin la'asar manhaja ta tashi, ni har na fara naɗe caja. Ƙanwarmu ta ofishinku mai zama kusa da taga ita ta ce Malam dakata, da wane irin bayani ka gwada ta? Na ce da 1234 da irinsu. Ta ce mu sa na gaske mu gani. Allah Ya saka wa yarinyar nan da alheri, domin a nan ne ɓarnar da ta fi ta farko ta fito. Lambar waya da lambar akawun duk a int na ajiye su, wato gurbin lambar lissafi a Java, shi kuma int iyakarsa 2,147,483,647, lambar wayarmu kuwa ko ka cire sifilin gaba saura lamba goma da ta zarce haka nesa, sai ta fito wata lamba can daban da ba ta kowa ba. Ita kuma akawun mai lamba 10 in ta fara da sifili sai sifilin ya zube ta koma 9, kuma duk ba wani jan rubutu da ya fito, shiru kake ji. Ka duba fa, mutum ya zuba kuɗinsa saƙo bai zo ba, ko ranar kwasa a nemi tura masa a akawun ɗin da ba daidai ba, ina zan sa kaina a Tudun Wada? Ta ce duk lambar da ba lissafi za ka yi da ita ba ajiye ta a matsayin rubutu, muka mayar da su String.

Kwanan wata ma fanko yake shiga saboda wayar na turo rana, wata, shekara, shi kuma XML shekara yake so a gaba. Sunaye masu ƙ da ɗ suna komawa alamar tambaya, aka mayar da rumbun bayanan UTF-8, tsarin da ke gane irin waɗannan haruffan. Waɗannan ba su ɗau lokaci ba.

Wanda ba zan manta ba shi ne da Alhaji ya sake kira ka ce in ba ka wayar. Na ɗauka za ka ce yaronka bai iya ba ne, sai na ji kana cewa Alhaji aikin yaron nan mai kyau ne, sabar ce ba ta zo ɗaya da na'urarsa ba kuma mun daidaita. Ka rufa mini asiri Injiniya, Allah Ya rufa naka duniya da lahira. Kuɗin da kuka ce tun farko shi kuka karɓa duk da mun kai har bayan magariba janareta na ta shan mai, ga shayi da aka miƙo mini ba ku ma san ni ba.

Ranar Juma'a aka yi zubi, ina tsaye a bakin shagon sakatare ina jin wayoyin mutane na ƙara ɗaya bayan ɗaya, wani dattijo mai sayar da atamfa har ya miƙo mini tasa in karanta masa. Allah Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci ofishin nan da iyalanku. A gaishe mini da ƙanwarmu. In sha Allahu Asabar mai zuwa zan shigo da laftof ɗin mu fara maganar komawa jakarta ɗin nan.