Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Sakkwato: a zo a ƙirga itatuwanmu a watan Afrilu

Mai girma Gwamna, Dakta Ahmed Aliyu, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Maganar itatuwa ce ta kawo ni. Ina cikin masu aikin sa-kai da ke dashe a makarantu da maƙabartu da bakin titi, ba kwabon kowa a aljihunmu sai abin da muka tara a tsakaninmu. Kukanmu guda ne: kowace damina ana dasa itatuwa a jihar nan, kowace bazara kuma ana rasa mafi yawansu, ba wanda ake tambaya.

Ka san yadda bikin yake. Ruwa ya sauka a watan Yuni, a kafa rumfa, manya su zo cikin manyan riguna, a miƙa musu shebur sabo fil, a zuba wa ɗan dashe ruwa a gaban kyamara. Da yamma labarai su sanar da dubban itatuwan da aka shuka. To ruwan sama yana ɗaukewa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Daga nan sai hunturu da busasshiyar iskarsa, sai zafin Maris da Afrilu da ke haura maki 40. Ɗan dogon yaro mai wata bakwai ba ya tsallake wannan sai da mai ba shi ruwa, da shingen da zai kare shi daga jan akuyar nan tamu da muke taƙama da fatarta. A lokacin nan manyan riguna sun daɗe da komawa ofis. Yaran unguwa ne ke saye wa itacen jarka daga hannun mai ruwa, su sari ƙaya su kewaye shi, har ƙarfinsu ya ƙare.

Kuma ba za a ce mana babu kuɗi ba. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wanda Najeriya ta kafa masa hukuma tun 2015. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, bashi ne kuwa, da mu da 'ya'yanmu za a biya shi. Rijiya ta bayar, ranka ya daɗe. Gugan muke nema a bincika mana, domin mai jan jarka a Gwadabawa ko Tangaza bai ga ɗigo ba.

A cikin ƙudurori tara da ka shigo da su a 2023 akwai ruwa, akwai noma, akwai matasa. Ga su nan duka uku a gindin itace ɗaya. Manomin Illela da Gada da rairayi ke binne wa gero tun yana tsiro ba ya buƙatar wani ya karanta masa laccar kwararowar hamada.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganin na nan bayan iyaka, a hannun 'yan'uwanmu. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture in za su yi sharar gona. Sai su zaɓi tsiro mai ƙarfi na gawo ko kalgo ko sabara, su sassabe sauran, su bar shi ya tashi. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, saboda haka ba ta jiran jarkar kowa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Me zai hana malaman gona su koyar da ita a Gudu da Sabon Birni? Ko don ba ta da kwangilar sayo irin dashe ne?

Don Allah, ranka ya daɗe, a ware wa ƙungiyoyin sa-kai ruwa da waya ta shinge na rani biyu, ko da za a rage yawan abin da ake dasawa. A damƙa kowane fili ga mai unguwa ko hakimi da sunansa. Duk ɗan kwangilar dashe kuma, kada a cika masa kuɗi sai an je a watan Afrilu an ƙirga masu rai, a buga adadin kowa ya gani.

Akwai batun masu sare itace don gawayi tun da gas ya gagari talaka, da ledar da ke toshe magudanai cikin gari. Waɗannan sai wata wasiƙar. A fara da ƙirgar Afrilun nan mai zuwa, mu za mu raka jami'anka fili-fili.

Naka,
Wani mai dashen sa-kai, Sakkwato.