Mutumin da aka sa wa garinku sunansa

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya zafin Texas, ya madam da yara? Mu nan lafiya lau, damina ta kankama, sai dai tsadar taki da kowa ke kuka da ita. Ranar da muka yi waya ka ban dariya wallahi, wai kana zaune a Houston amma baka san waye Houston ɗin ba. To bari na baka labarinsa, ka samu abin faɗawa abokan aikinka.

Sam Houston sunansa, an haife shi 1793 a Virginia, suka koma Tennessee bayan rasuwar babansa, lokacin nan Tennessee bakin daji ce, ƙarshen inda turawa suka kai kenan. Yana ɗan shekara 16 ya gudu daga gida ya tafi wajen ƙabilar Cherokee, ƴan asalin ƙasar tun kafin zuwan turawa, ya zauna da su, ya iya yarensu, sarkinsu ya riƙe shi kamar ɗa, suka sa masa suna Hankaka. Daga nan ya shiga soja, a yaƙin Horseshoe Bend 1814 aka ɗirka masa kibiya a cinya, ya sa aka cire ta ya koma fagen daga, aka ƙara masa harsashi a kafaɗa. Nan janar ɗinsu Andrew Jackson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya gane shi ya zama ubangidansa, kasan siyasa ba ubangida ai wahala ce. Ya karanta lauya, ya je majalisa, 1827 ya zama gwamnan Tennessee.

Sai abin mamaki, ya yi aure 1829, ko wata uku ba'a yi ba amarya ta koma gidansu, bai taɓa fitowa ya faɗi me ya haɗa su ba, kawai ya ajiye gwamna ya koma wajen Cherokee ya kama shan giya ba ji ba gani har suka canza masa suna suna ce masa babban mashayi. A 1832 kuma wani ɗan majalisa William Stanbery ya zarge shi da cuwa-cuwar kwangila, gogan naka ya tare shi a titi a Washington ya zane shi da sanda. Ƙarshen shekarar ya tsallaka Texas, lokacin tana hannun Meksiko.

Yaƙin da ya fito da shi shine San Jacinto, 21 ga Afrilu 1836, inda ya jagoranci sojan Texas masu neman ƴanci daga Meksiko. Kafin nan makonni ya yi yana ja da baya, sojojinsa na zaginsa matsoraci, shi kuwa yana jiran Santa Anna, shugaban Meksiko, ya saki jiki. Da yamma suka afka musu, minti 18 an gama, an harbe shi a idon sawu, washegari aka kamo Santa Anna sanye da kayan ƙaramin soja. Yaransa suna so a rataye shi ya hana, yace mai rai yafi amfani, da shi za'a sa sojan Meksiko su janye. Filin yana nan gabas da ku, ba nisa, akwai doguwar hasumiya, ka kai yara wani asabar ɗin.

Da Texas ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, sau biyu yayi shugabanta, da ta shiga Amurka 1845 ya zama sanata, sannan gwamna 1859. Ni fa abinda ya tsaya min a rai na 1861 ne, ya fi min San Jacinto. Jihohin kudu suna ɓallewa saboda bauta, Texas ta bi sahu, aka ce kowane mai muƙami ya zo yayi rantsuwar biyayya ga sabuwar gwamnatin kudu. Aka kira sunansa ya ƙi fitowa, aka tsige shi. Ya gaya musu ƙiri-ƙiri arewa zata cinye su da yaƙi, ba wanda ya saurare shi. Shugaban Amurka Lincoln yayi masa tayin sojoji ya riƙe kujerar da ƙarfi, nan ma ya ƙi, baya so a zubar da jinin ƴan Texas a kansa. Dattijo mai shekara 68, ya san kujerar ƙarshe ce, ya bari ta tafi. Ɗansa na cikinsa ma sojan kudu ya shiga.

Amma kar ka je kana masa kirari da yawa, shi kansa yana da bayi har ya mutu, haɗin kan ƙasa yake karewa, ƴanta bayi bai dame shi ba. Inda zan yaba masa kuma shine Cherokee, ya yi ta ƙoƙarin a bar musu ƙasarsu a Texas, yana sauka Lamar da ya gaje shi ya kore su da bindiga 1839. Ya rasu a Huntsville, Yuli 1863, yaƙin basasa na tsaka, bai ga ƙarshensa ba.

Hajiya tana gaishe ka, tace yaushe zaka kawo mata jikoki ta gani, ta gaji da bidiyo kol. Idan ka samu mai zuwa ka faɗa min da wuri na haɗa maka kilishi da yaji. A gaida madam.

Naka har kullum.