Malam Edita, wa ya saya wa yaran Sudan motocin yaƙi?

Assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Lahadi daga farko har ƙarshe, kuma har yanzu raina bai daina ɓaci ba game da yadda baƙonku ya kira yaƙin Sudan rikicin cikin gida tsakanin janar-janar biyu, mai gabatarwa kuma ya amsa masa da na'am, suka tsallaka zuwa batun Iran da Isra'ila kamar waɗanda suka gama cinikin albasa. Minti arba'in kuka yi kuna lissafa makamai masu linzami na ƙasashen Gabas ta Tsakiya, amma ƙasar da miliyoyin mutane suka bar gidajensu, cikinsu har da masu jin Hausar da kuke watsa shirin da ita, ba ta samu ko minti uku ba.

Gwaggona haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a Sudan. Kakanninmu sun tashi aikin hajji ta ƙasa, suka yada zango a Jazira suna noman auduga domin tara guzuri, wasu suka wuce Makka, wasu kuma zama ya kama su a can. Da dakarun RSF, rundunar da ke yaƙar sojojin gwamnatin Sudan, suka shiga Madani a watan Disamba na 2023, ta ɗauki jikokinta huɗu da buhun dawa guda ta nufi Sinnar, bayan wata shida kuma yaƙin ya sake cim musu, suka gudu Gadarif. A farkon 2024, lokacin da layukan waya suka ɗauke, mun yi makonni ba mu san ko tana raye ba. Da saƙon muryarta ya iso ta WhatsApp, cikin Hausarta mai gauraye da Larabci, ba kuka ta yi ba. Ta ce yaran da suka tare su a hanya suka ƙwace mata 'yan kunne, wasunsu ko takalmin kirki ba su da shi, amma motocinsu sababbi fil, bindigoginsu suna ƙyalli. Sai ta ce, "Ɗana, wa ya saya musu?"

Wannan tambayar ta tsohuwa ita ce ya kamata a yi wa baƙonku, tunda an gabatar mana da shi a matsayin masanin tsaro. Ai ba ɓoyayyen abu ba ne. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun bayyana a rahotonsu na watan Janairun 2024 cewa zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass da ke gabashin Chadi yana da tushe, duk da cewa Daular ta musanta, tana cewa asibiti ta kafa a wurin. Zinaren Sudan mai yawa a Dubai ake sayar da shi, kuma Hamdan Dagalo, shugaban RSF, da zinaren Jabal Amir ya yi ƙarfi, da kuma kuɗin mayaƙan da ya tura Yaman su yi wa ƙawancen Saudiyya yaƙi. A ɗaya ɓangaren, Masar tana tare da sojojin Janar Burhan, shugaban rundunar sojin Sudan, domin ba za ta yarda wanda ba ta amince da shi ba ya zauna mata a kan kogin Nilu alhali tana jayayya da Habasha kan madatsar ruwa, har ma a kwanakin farko na yaƙin RSF ta kama sojojinta a Marawi. Jiragen yaƙi marasa matuƙa ƙirar Iran da na Turkiyya sun shiga hannun sojojin Burhan, kowa kuma idonsa yana kan gaɓar Bahar Maliya. Gwamnatin Sudan ta kai Daular ƙara Kotun Duniya a 2025, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraro, shi ke nan magana ta mutu. Idan wannan shi ne rikicin cikin gida, to gidan ba shi da ƙyaure.

Abin da na lura da shi, kuma ba ku kaɗai ba, shi ne bakinmu yana da kaifi idan Amurka ko Isra'ila ce ta yi ɓarna, amma da zarar hannun ƙasar Larabawa ya bayyana, sai murya ta yi sanyi, a koma cewa Allah ya kawo zaman lafiya. Amin, amma addu'a ba ta hana a faɗi sunan mai hura wutar ba. An fara wannan yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, an sa hannu kan takardar kare fararen hula a Jidda bayan 'yan makonni, ba wanda ya mutunta ta, aka ci gaba har Al-Fashir ta yankin Darfur ta faɗa hannun RSF a watan Oktoban 2025 bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi. Musulmi ke kashe Musulmi, da kuɗin Musulmi.

Sannan don Allah ku duba yawan tallan maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shirin. Sau uku aka katse magana domin a sayar mana da maganin basir, layin wayar da kuke bayarwa kuma ban taɓa samun ya shiga ba.

Ina roƙon ku sake shirin a kan Sudan kaɗai. Ɗalibanmu da aka kwaso daga Khartum ta iyakar Masar suna nan a Kano da Katsina, akwai kuma masu dangi a Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a Sudan bayan yaƙin Burmi. Ku gayyato ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da masanin naku.

Wassalam.

Mai sauraronku daga Fagge, Kano.