Hajiya, rashin karatun labarai ne ko hannu aka sa wa yarona?

Assalamu alaikum Hajiya. Ina yini, ya aiki?

Wallahi tun da sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito barci ya ƙaurace mini. Yaron nan ya ci B2 a lissafi, B3 a kimiyya, amma Turanci D7. Kuma jami'ar KNUST ta nan Kumasi ba ta duban takardar wanda bai kai C6 a Turanci ba, komai kyan sauran. 'Yar abokiyar zamana kuwa, wadda ko tukunya ba ta wankewa, kullum tana kwance da littafin labari, ita ce da B2. Uwarta har guɗa ta yi a tsakar gida, ina ɗaki ina ji.

Ni tun asuba nake kasuwar Kejetia ina sayar da atamfa. An ce sakandare kyauta ce tun 2017, to pasko, wato littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da kuɗin lesin ba kyauta ba ne, kuma uban ko sidi ɗaya bai taɓa ba ni ba. Au, ban ma faɗa miki abin da ya fi ƙona mini rai ba. Maigidana Alhaji ya tsaya a gaban ƙannensa ya ce ni na kashe wa yaron Turanci, wai don na kwashe littattafan labaransa na ba mai ƙosai. Fisabilillahi Hajiya, wace uwa ce za ta ga jarrabawa na ƙaratowa ta zuba ido ɗanta na karanta abin da ba za a tambaya ba? Pasko na saya masa, ya haddace tas.

Malaminsu ya ce wai Turanci ba a haddace shi. Za a ba yaro rubutun da bai taɓa gani ba ya amsa tambayoyi, ya taƙaita wani, ya rubuta insha'i mai kalma kamar 450, wanda bai saba da karatu ba lokaci zai ƙare masa. Amma malamin nan ɗan unguwar su abokiyar zaman tawa ne, me kike so ya ce? Yaron da ya riga sa'o'insa sauke Alƙur'ani, shi ne bai saba da karatu ba? Kuma daren jarrabawar Turancin da ciwon kai ya kwana, bayan ya ci tuwon ɗakinta. Ban ce komai ba.

Yanzu yarinyar ta kawo masa tulin littattafanta, wai ya riƙa karanta shafi goma kullum, har tana cewa za ta raka shi laburaren Cultural Centre. Na hana shi taɓawa. Uban kuma ya ce ba zai biya kuɗin Novdec, wato sake zaman jarrabawar a ƙarshen shekara, ba, a kai shi unguwar makanikai ta Suame Magazine ya koyi kanikanci.

Hajiya, in na karyar da atamfofina na biya masa ba da sanin Alhaji ba, na saɓa wa Allah? Kuma ta yaya zan raba shi da abincin ɗakin can ba tare da an ce na tada fitina ba?

Taki,
wata uwa daga Aboabo, Kumasi