Nasarar boga ba ta wanke Amurka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraronku ban taɓa ɗaukar biro ba, sai da shirinku na daren Lahadi kan 'yan Afirka mazauna Amurka ya hana ni barci. Baƙonku, Alhajin nan da ya shekara ashirin a New York, ya ce wai wariyar launin fata ta zama tatsuniya. Hujjarsa ita ce yaranmu sun tafi da jaka ɗaya, yau ga su ma'aikatan jinya da injiniyoyi suna gina benaye a gida, su kuwa baƙaƙen fatan da aka haifa a can suna zaune suna kuka da Bature. Mai gabatarwa ya yi dariya ya wuce gaba, ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya.

Ba na musun nasarar, don a gidanmu ma akwai boga, wato wanda ya tafi ƙasar Turawa neman kuɗi, kamar yadda muke cewa a nan Ghana. Ɗan ƙanwata ya ci lotirin biza, yanzu yana unguwar Bronx a New York, shi ke biya wa ƙannensa uku kuɗin makaranta, Allah ya ƙara masa. Amma Alhaji bai faɗi yadda aka yi ya tafi ba. Lotirin nan biza dubu 55 ne a shekara ga duk duniya, kuma sai mai takardar gama sakandare ko mai shekara biyu a sana'ar da ake koyo. Shi yaron da digirinsa na Jami'ar Ghana da ke Legon ya tafi. Uwarsa ta sayar da filinta na garin Kasuwa aka biya kuɗin gwajin asibiti da tikiti, ya sauka a ɗakin 'yan Zango, wato 'yan unguwannin Hausawa da sauran Musulmi na Ghana, a masallaci aka samo masa aiki kafin sati ya zagayo. Abokan da suka taso suna buga ƙwallo tare a bakin babbar kwatar unguwarmu Nima, nan Akra, fa? Yawancinsu ko fom ɗin ba su isa cikewa ba. Wanda ya tsince zaɓaɓɓu ya gwada su da al'umma guda, da mai lafiyarta da majinyacinta, ai bai yi awo da mudu ɗaya ba.

Ƙofar ma da yaranmu ke shiga, wa ya buɗe ta? Kafin dokar shige da fice ta 1965, tsarin Amurka mutanen arewacin Turai ya fifita. Dokar ta biyo bayan ta 'yancin jama'a ta 1964, wadda baƙaƙen fata suka sha kulki da kurkuku kafin a sa mata hannu. Muna shan inuwa muna zagin wanda ya dasa bishiyar.

Kuma talaucinsu yana da tushe. Tun shekarun 1930 aka riƙa zana wa unguwanninsu jan layi a taswira, bankuna suka ƙi ba da rancen sayen gida a wuraren, sai a 1968 doka ta hana wariya a harkar gidaje. Wanda aka hana kakansa mallakar gida, me zai gada? Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai kusan dala dubu 285, ta baƙar fata kuwa wajen dala dubu 45. A 2004 wasu masana biyu sun wallafa abin da suka gani bayan sun aika takardun neman aiki a Boston da Chicago, sunaye kawai suka sauya, masu sunan Turawa aka fi kira nesa ba kusa ba. Baƙon ma bai tsira ba. Amadou Diallo ɗan Gini, Musulmi ɗan tireda, a ƙofar gidansa a Bronx 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a watan Fabrairun 1999, ba ya riƙe da makami. Ba wanda ya tambaye shi ko shi baƙo ne mai ƙwazo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce ɗan Zango ne ke wannan magana. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ta Salaga, wasu aikin soja tun zamanin Glover, hafsan Ingila da ya ɗauki Hausawa soja, sun kafa unguwanni irin Sabon Zango na Malam Bako tun ƙasar ba ta san sunan Ghana ba. Duk da haka a Nuwamban 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice. Ina yaro na ga maƙwabcinmu tela, haifaffen Akra, ya sayar da kekensa a wulaƙance ya hau mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Har yau sauran abin na nan. 'Yata ta gama karatun akanta ta yi ta kai takardu shiru, sai wata ma'aikaciya a wani kamfani ta ja ta gefe ta ce, “Ƙanwata, cire Nima daga adireshinki.” Ta sa na ƙawarta, aka kira ta. Wataƙila dacewa ce, amma ni dai na ga fuskarta ranar da ta dawo.

To in wani ya tashi a rediyo ya ce ga Mohammed Kudus ɗan Nima yana taka leda a Ingila, ga babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu kowa na girmama shi, saboda haka matasan Zango lalaci ne ke damunsu, Alhaji zai yarda? Majalisa da kanta ta kafa asusun raya Zango a 2017 saboda ta san akwai giɓi. Ko asusun ya yi abin da aka kafa shi dominsa, wannan wata wasiƙar ce.

Roƙona shi ne ku sake shirin, ku gayyato wani daga cikin 'yan'uwanmu baƙaƙen Amurka da suka dawo Ghana da zama, suna nan da yawa a Akra, ya zauna da Alhaji su yi ta gaba da gaba. Ɗan ƙanwata ma ya ce zai yi magana ta waya, sai dai ku kira shi bayan la'asar ɗinmu, don aikin dare yake yi a gidan kula da tsofaffi.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Nima, Akra